Garinmu Yana Cikin Littafi: Lacca Kan Daɗin Karanta Tarihi, Yanayi da Al'ada

Wani tsohon malamin makaranta ne ya gabatar da wannan lacca a ɗakin taron wata sakandare a ƙasar Haɗeja, bayan an kammala girbi. An naɗe ta a waya, aka kwafe ta a rubuce, aka rage maimaici da hayaniyar zaure.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma Dagaci, Allah ya ja zamaninka. Liman da sauran malamai, Allah ya gafarta muku. Shugaban makaranta, iyayenmu mata da ke can baya, 'yan'uwana manoma, da ku 'ya'yana ɗalibai, barkanmu da warhaka, barkanmu da ganin kaka lafiya.

An ce in zo in yi magana a kan karatu. Na san abin da ɗalibai suke tsammani: tsoho zai zo ya yi faɗa, ya ce a ajiye waya, a daina karanta labaran soyayya. To ku kwantar da hankalinku. Yarinyar da ta iya zama ta cinye labari mai shafi ɗari uku a waya ai ta riga ta mallaki abin da ya fi wuya, wato haƙurin zama da rubutu. Ni dai ina so in yi muku tallar wani irin littafi ne daban, wanda marubucinsa bai ƙaga komai ba. Ya je ya gani, ko ya tambayi waɗanda suka gani, ko ya tono tsofaffin takardu, sannan ya rubuta. Littafin tarihi, littafin da ke bayanin ruwan sama da fari, littafin da aka tara tatsuniyoyi da camfe-camfe, littafin da ke bayanin yadda mutane suke zaman aure da kasuwa da sarauta. Yawancinku ba ku taɓa haɗuwa da irinsu ba sai a matsayin abin haddacewa don jarrabawa, shi ya sa kuke ganin ba su da daɗi. Ni kuwa da su nake hira da dare.

Abin da ya sa suke min daɗi shi ne mu ne a ciki. Garuruwanmu, kogunanmu, yunwar da kakanninmu suka sha, duk an rubuta. Kuma mutumin ƙauye idan ya karanta irin wannan littafi yana da abin da ɗan birni ba shi da shi: yana iya rufe littafin ya fita ya duba ko gaskiya ne.

Bari in fara da wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim. Ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin sun kai 30,000, ya yi mamakin yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suke kaiwa har Tambutu da gaɓar tekun arewa. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne da ya bar Kano zai tafi Kukawa, ta nan gefenmu ya bi. Ya sauka a Gumel, ya tarar da ita babbar kasuwar kanwa. Kuma a cikin littafinsa mai juzu'i biyar, akwai sunan Sarkin Haɗeja Buhari, domin a lokacin duk hanyoyin gabas a tsorace ake bin su saboda yaƙinsa. Ka duba fa. Mutum ya taso daga Jamus, yana rubutu da yarensu, sai ga sunan da kakarka take ambata tana rage murya.

To a nan ne daɗin yake farawa. Idan ka karanta labarin Buhari daga bakin Sakkwato, ɗan tawaye ne. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi, ya naɗa ɗan'uwansa Ahmadu, shi kuma ya ƙi, ya dawo ya ƙwace gari da ƙarfi, aka haɗo masa rundunar sarakuna ya tarwatsa su a Gamon Gafur. Idan ka je wasu ƙauyukan gabashin Kano, abin da ake tunawa shi ne hari da ƙone rumbuna da kwashe mutane. Idan kuma ka zauna da makaɗan Haɗeja, namijin duniya ne wanda bai taɓa juya baya ba. Labari uku, mutum ɗaya. Wanne za ka ɗauka? Ni ra'ayina, wanda ya karanta ɗaya ya tsaya, gara ma bai karanta ba, domin zai fito da taurin kai ne kawai. Wanda ya karanta ukun zai fara tambayar da ta dace: wa ya rubuta wannan, a fadar wa yake cin abinci, me zai rasa idan ya faɗi akasin haka?

Kuma kada wani ya ce wannan tambaya Turawa suka koya mana. Ibn Khaldun ya rubuta Muƙaddima a 1377, kuma da wannan ya buɗe ta. Ya kawo misalin masu tarihi da suka ce mayaƙan Banu Isra'ila a cikin hamada sun kai 600,000, ya ce a tsaya tukuna: wane fili ne zai ɗauke su a jere, kuma yaya zuriyar mutum ɗaya za ta kai haka a cikin 'yan kakannin da ke tsakanin Annabi Yaƙuba da Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare su? Malami ne, alƙali ne na Malikiyya, amma ya ce labari sai an auna shi da hankali da yadda duniya take tafiya. Liman yana murmushi, ya san littafin.

Ga Garun Gabas nan kusa da mu. Duk yaron da ya yi firamare ya haddace Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano, da Biram. Biram ɗin nan ita ce Garun Gabas. Nawa ne a cikinku suka taɓa zuwa da niyyar kallo? (dariya) Kun gani. Muna haddace sunan, muna wuce garin a kan babur. Labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu labari ne mai daɗi, amma masana irin su Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello sun ce kada a ɗauke shi a matsayin asalin Hausawa, domin shi kansa labarin ya nuna baƙon ya tarar da gari da sarauniya da maƙera da mutane masu jan ruwa. Ke nan akwai mu tun kafin ya zo. Wasu dattawa ba sa son jin wannan. Ni ina son labarin, ina kuma son gardamar da ake yi a kansa, ban ga dalilin da zai sa in zaɓi ɗaya in yar da ɗaya ba.

Littafin Tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna tun daga Bagauda, mutane suna karanta shi don yaƙe-yaƙe da zuwan Wangarawa zamanin Yaji da gine-ginen Muhammadu Rumfa. Ni wani layi ne guda ya tsaya min a rai. A zamanin Sarki Muhammadu Zaki, wajen ƙarshen ƙarni na 16 zuwa farkon na 17, marubucin ya ce an yi yunwa ta shekara goma sha ɗaya. Ya faɗa, ya wuce, ya koma kan labarin yaƙi da Katsinawa. Shekara goma sha ɗaya! Su wa suka mutu, su wa suka yi ƙaura, me aka ci, ina aka samo iri da ruwa ya dawo? Bai ce komai ba, domin shi idonsa yana fada. Wannan shirun ne ya tura ni neman littattafan yanayi da noma, kuma a nan nake so in daɗe, don mu nan rayuwarmu a hannun damina take.

Akwai wani Bature, Michael Watts, da ya zauna a Kaita ta ƙasar Katsina, ya fitar da littafi a 1983 a kan yunwa a Arewa. Ya bi takardun 'yan mulkin mallaka, ya bi bakin tsofaffi, ya jero yunwoyi da sunayen da talakawa suka sa musu. Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. 'Yar Buhu ta 1927. 'Yar Gusau ta 1942. Sai farin 1972 zuwa 1974 wanda da yawa a zauren nan sun gani da idonsu. Hujjarsa ita ce rashin ruwa shi kaɗai ba ya kashe mutane haka. A da akwai rumbun tsimi, akwai gandu, akwai zakka da hatsin da masu sarauta suke tarawa su buɗe idan ta ɓaci. Da Turawa suka zo suka ce haraji sai da kuɗi, kuma a lokacin kaka, sai manomi ya sayar da hatsi da araha don ya biya, ya sayo shi da tsada da bazara. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, aka rage gonar gero aka ƙara ta gyaɗa. Da ruwa ya ɗauke a 1913, rumbu babu komai.

Shin ya yi gaskiya? A wani ɓangare, ƙwarai. Amma ni ina ganin ya ɗan yi wa zamanin da kwalliya. Wanda ya karanta labarin harin Ningawa a kudancin Kano, ko Yaƙin Basasar Kano na 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, ya san talaka bai kwana a kan katifa ba kafin zuwan Nasara. Kuma ga yunwar Muhammadu Zaki can, babu Bature babu jirgi. Kun ga yadda littafi ɗaya yake taka wa ɗaya birki.

Sai wani kuma, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya sannan a Jami'ar Bayero. Shi nan ƙasarmu ya zo, Dagaceri. Ya yi ta komawa garin shekara bayan shekara tun daga farin 1970 da wani abu har tsakiyar shekarun 1980, yana rubuta abin da kowane gida ya yi don ya tsira: wa ya tafi cin rani, wa ya koma saƙar igiya da tabarma da kaba, wa ya sayar da akuya, wane irin gero aka koma shukawa mai saurin nuna. A lokacin duniya tana cewa manoman Sahel jahilai ne, su suke jawo hamada da sare itace. Shi kuwa ya auna gonakin da ke kewaye da Kano, inda mutane suka fi cunkushewa, ya tarar itatuwa ba su ƙare ba, domin kowace kuka da ɗorawa da gawo tana da mai ita, kuma ƙasar tana ci gaba da bayarwa saboda takin da ake kai mata a mangala a bayan jaki. Wato ya rubuta da Turanci abin da Baba Dagaci ya sani tun yana yaro. Amma da ya rubuta, sai masu tsara manufofi a Turai suka fara saurare. Abin da ciwo, abin kuma da daɗi.

Yanzu ku ɗalibai, in tambaye ku. Me ya sa ruwa yake fara sauka a Legas tun watan Maris, mu kuwa sai Yuni, wani lokaci har Yuli? Littafin yanayi zai gaya muku iska biyu ce ke ture juna. Ɗaya mai laima daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma, ɗaya busasshiya daga Sahara, ita ce mai kawo mana hunturu. Inda suka haɗu yana matsowa arewa sannu a hankali yana bin rana, ya kai iyakarsa a watan Agusta, sannan ya koma. Mu muna kusa da ƙarshen tafiyar, shi ya sa daminarmu gajera ce, kuma idan mai laimar ta yi rauni kaɗan, mu ne farkon waɗanda za su ji a jika. Masana sun gano cewa ɗumin ruwan teku, can inda ba mu taɓa zuwa ba, yana da hannu a farin 1973 da na 1984. Sun kuma nuna cewa duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri ɗaya, tana iya ɗaukar ƙarin laima kusan kashi 7 cikin 100. Shi ya sa yanzu ruwan yakan yi jinkiri, idan ya tashi zuwa kuma ya zubo na mako biyu a dare ɗaya. Ambaliyar 2022 ba sai na ba kowa labarinta a nan ba.

Kuma ƙasar nan ba haka take ba tun fil azal. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, nan jihar Yobe, ya ci karo da katako. Da aka tono, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, aka auna shekarunsa aka samu kusan 8,000. Yana cikin mafi tsufan jiragen ruwa da aka taɓa samu a duniya. A lokacin da aka sassaƙa shi, Tafkin Chadi teku ne guda, Sahara kuma tana da ciyawa da namun daji. Ku je Birnin Kudu ku ga zanen shanu a jikin duwatsu. Jigayin yashin da muke noma gyaɗa da kankana a kansu kuwa, iska ce ta tara su a wani zamani da ya fi namu bushewa nesa ba kusa ba. Ƙasa ɗaya, ta yi hamada, ta yi fadama, ta koma yadda muka same ta. Tun da na karanta wannan, tafiya gona ta daina zama min tafiya kawai.

Na kusa mantawa da kogi. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Mutanen Kura da Kadawa sun samu noman rani, Allah ya sa albarka, shinkafarsu da tumatirinsu muna ci. Amma mu da ke ƙasa, ruwan da yake zuwa da ƙarfi da damina ya malale fadama ya janye da rani, ya koma yana zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Ciyawar kacalla kuwa abin da take so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ya nutse, wani ya bushe, tsuntsun jan-baki ya samu wurin kwana ya addabi masu shinkafa. An yi rubuce-rubuce da yawa a kan fadamar Haɗeja da Nguru, har da lissafin abin da masunci da makiyayi da manomi suke samu daga ambaliyar da aka tare. Masunta da ke zauren nan sun fi marubutan sanin kacalla. Abin da littafi zai ƙara musu shi ne ya nuna musu inda igiyar ta faro, ta yadda idan an je gaban hukuma za a yi magana da shekara da adadi.

Kada kuma mu raina namu lissafin. Malamanmu na zaure suna da taurari 28, kowanne kwana 13, ɗaya 14, ka haɗa ka samu 365. Da su ake cewa yanzu Haƙ'a ta shiga, yanzu Zira'a, yanzu Nasara, yanzu Ɗarfa, a san lokacin shuka da lokacin da ruwa ke nauyi. Yana nan a rubuce cikin ajami a gafakar malamai. Ɗalibin da zai zauna ya jera wannan lissafi kusa da hasashen da hukumar yanayi take fitarwa kowace shekara, ya ga inda suka dace da inda suka saɓa a garinsu, wallahi ya yi aikin da jami'a za ta karɓa.

To mu zo ga tatsuniya. Wani zai ce, Malam, ka ce littattafan da ba ƙirƙira ba, ina Gizo ina gaskiya? Gizo ƙarya ne, amma cewa kakanninmu sun yi ta ba da labarinsa gaskiya ne, kuma abin da suka zuba a cikin labarin shaida ce. Tsakanin 1911 da 1913 aka buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, da sunan Frank Edgar a bango, alhali malamai ne suka rubuta su da ajami. Kafin nan akwai Dorugu, yaro daga ƙasar Damagaram da aka kama bawa, aka 'yanta shi, ya bi Barth har Ingila, ya ba da labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi aka buga a Magana Hausa a 1885. A Kano ya rasu a 1912, yana koyarwa a makarantar Baturen nan Ɗan Hausa. Daga baya namu suka karɓa, irin su marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya da Tatsuniyoyi da Wasanni.

Ku karanta su a jere ku lura da abu ɗaya: sau nawa tatsuniya take farawa da cewa ana yunwa a gari? Gizo ya gano wata bishiya ko wani rami mai abinci, ya ɓoye wa Ƙoƙi da 'ya'ya, yana dawowa da baki da maiƙo yana cewa bai ci komai ba. Yara suna dariya. Amma tsohuwar da take ba da labarin ta ga magidancin da ya yi haka a shekarar Kakalaba. Abin da marubucin fada ya tsallake a layi ɗaya, ita ta adana shi a bakin murhu. Haka labaran kishiya da 'yar bora da 'yar mowa, haka na sarkin da ke yanke hukunci kafin ya ji ta bakin kowa. Abin da ba a iya faɗa da rana a gaban manya, an faɗe shi da dare an ɗora wa Gizo.

Iyayenmu mata, wannan naku ne. Akwai wata tsohuwa, Baba, mutuniyar Karo a kan iyakar Kano da Zazzau. A 1949 zuwa 1950 ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a Giwa, ta ba ta labarin rayuwarta tun daga ƙuruciya, aka buga a 1954. Ta ga zamanin rinji da bayi, ta ga mahara suna kwashe mata a gona ana zuwa fansa, ta ga zuwan Turawa. Ta yi aure huɗu, ba ta haihu ba, ta riƙi 'ya'yan dangi. Ta yi bayanin ƙawance da biki da gara da zaman kishi da bori, ba kunya ba ƙari. Ban san littafin da ya fi shi nuna yadda gidan Bahaushe yake daga ciki ba, kuma wadda ta yi shi ko alif ba ta rubuta ba. Duk sanda na buɗe shi sai in ce, tsofaffi nawa irin Baba muka binne a garin nan ba wanda ya tambaye su komai? Kowa a cikinku yana da waya mai naɗar murya. Kakarka tana nan tana tsinkar zogale, kai kana kallon bidiyon mutanen da ba su san da zamanka ba. (dariya)

Karatun irin waɗannan littattafai kamar cin goriba ne, sai ka yi ta gurgura kafin zaƙin ya fito, wanda ya saba da alewa zai yar tun a cizon farko. Don haka kada ka fara da mai kauri. Ka nemi Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da aka buga a Zariya a farkon shekarun 1930, ko Kano ta Dabo Cigari na Wazirin Kano Alhaji Abubakar Dokaji, ko Zaman Hausawa. Ba dole ka fara daga shafin farko ba. Buɗe inda aka ambaci garinku ko sana'ar gidanku, ka karanta wa mahaifinka da dare, ka ji abin da zai ce. Sau da yawa zai ce ƙarya ne, ba haka aka yi ba. To ka rubuta nasa a gefen shafin da fensir. Ni littattafaina duk gefensu ya cika da gardamar dattawa, kuma wani lokacin su ne da gaskiya, wani lokacin littafin.

Na ga shugaban makaranta yana duba agogo. A ba da dama ga tambaya.

Wata ɗaliba ta tambaya: Baba, yawancin littattafan da ka ambata da Turanci suke, kuma babu su a nan. Yaya za mu yi?

'Yata, kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. An zo garuruwanmu an tambaye mu da Hausa, aka tafi aka rubuta da Turanci, aka ajiye a inda ba ma zuwa. A da akwai hukumar buga littattafai da Hausa a Zariya, ita ta fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ta buga littattafan Yaƙi da Jahilci. Yanzu wannan aiki ya zama maraya. Amma ga Jami'ar Tarayya a Dutse, ga ta jiha a Kafin Hausa, ga Bayero, duk suna da ɗakunan karatu, kuma yayyenku suna can. Ku sa su ɗauko muku hoton babi ɗaya a waya. A Kano akwai ɗakin karatu na Murtala Muhammad, akwai Gidan Makama, akwai masu tsofaffin littattafai a Sabon Gari da Kurmi. Idan mutum biyar suka haɗa kuɗin kati na mako guda, sun sayi littafi. Wadda ta fi jin Turanci ta karanta, ta mayar wa sauran da Hausa. Ke da kika yi tambayar, da ke za a fara.

Wani dattijo ya ce: Malam, duk wannan lissafin iska da teku, ruwa ai na Allah ne.

Ranka ya daɗe, babu mai ja da wannan, kuma idan ruwa ya ɗauke, da ni za a fita roƙo. Amma Liman yana nan, ya gyara min idan na kauce. A cikin Suratu Yusuf, da Annabi Yusufu ya fassara mafarkin sarki da shekara bakwai na ƙoshi da bakwai na fari, cewa ya yi abin da kuka girbe ku bar shi a cikin zangarniyarsa, sai kaɗan da za ku ci. Haka iyayenmu suke yi: a ɗaure gero dami-dami a zuba a rumbu ba a sussuka ba, ya yi shekaru ƙwaro bai gama da shi ba. Yanzu muna sussukewa tun a gona, mu ɗura a buhu, mota tana jira a bakin hanya. Kai ka ga 1973, ka ga 1984. Bayan an tashi ina roƙon ka zauna da yaran nan ka gaya musu rumbu nawa gidanku yake da su a lokacin, da watan da na ƙarshe ya ƙare, su rubuta.

An kira la'asar. Sauran tambayoyin a same ni a waje bayan salla. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.